Kwana Uku Kafin Ƙuri'a: Yadda Majalisar Dattawan Jihar New York Ke Gudanar da Aikinta

Wanda ya saba da tsarin Najeriya, da zarar ya ji an ambaci Majalisar Dattawa, Abuja ce ke faɗo masa a rai, domin kowace jiha a nan majalisa ɗaya gare ta. A Amurka jihohi 49 cikin 50 majalisa biyu-biyu suke da su, ta dattawa da ta wakilai. Nebraska ce kaɗai ta koma majalisa ɗaya tun 1937. Waɗannan majalisu na jihohi su ne ke tsara yawancin dokokin da mutum ke cin karo da su kullum: kuɗin hayar gida, lasisin tuƙi, beli, mafi ƙarancin albashi, makarantu, aure da rabon gado. Direban tasi ɗan Nijar ko ɗan Gana da ke zaune a unguwar Bronx ya fi jin tasirin abin da aka yanke a birnin Albany, fadar gwamnatin jihar New York, fiye da yawancin abin da ake yankewa a Washington.

Duk wanda ya bi aikin wannan majalisa a tsanake zai ga abu ɗaya. Ƙa'idojinta cike suke da matakan jinkiri da aka kafa da gangan domin jama'a su sami damar ganin doka kafin ta hau kansu, amma kowane mataki yana da ƙofar baya, kuma makullan suna hannun mutane ƙalilan. Nagartar majalisar tana ga yawan lokutan da ta bi ta ƙofar gaba.

Sanatoci 63 ne a zauren, kowannensu na wakiltar mutum wajen 320,000, wa'adinsu shekara biyu. Majalisar Wakilan jihar kuma mutum 150 ce. A Majalisar Dattawan tarayya kowace jiha kujera biyu gare ta, babba ko ƙarama, amma a jihohi ba a yarda da haka ba: tun 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa dole a raba mazaɓun majalisun jihohi duka biyu bisa yawan jama'a. A takarda mataimakin gwamna ne shugaban Majalisar Dattawa, sai dai ba kasafai yake zama a kujerar ba, wani sanata ake sawa ya jagoranci zaman. Ainihin iko yana hannun shugaban masu rinjaye, wanda shi ke naɗa shugabannin kwamitoci, shi ke raba ma'aikata da ofisoshi, shi kuma ke da ta cewa a kan abin da zai shigo zaure. Tun Janairun 2019 Andrea Stewart-Cousins ta jam'iyyar Democrat ke riƙe da wannan muƙami, ita ce mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin majalisun jihar.

Daga alƙalami zuwa kwamiti

Ƙudiri kan faro daga ko'ina: koken wani mazaunin mazaɓa, buƙatar ƙungiyar ƙwadago, shawarar wata ma'aikata, ko matsin lambar 'yan kamashon kamfanoni. Akwai hukuma ta musamman ta lauyoyi da ke zuba shi cikin harshen doka. Daga nan sanata ya gabatar da shi, a ba shi lamba mai farawa da harafin S, a haɗa masa takardar bayani da ke faɗin abin da zai canza da dalilin canjin. Idan aka yi masa gyara, sai a ƙara harafi a ƙarshen lambar, A ko B ko C, ta yadda mai bibiya zai san sau nawa aka taɓa shi. Sanata mai niyyar gaske yakan nemi abokin tafiya a Majalisar Wakilai ya gabatar da irinsa sak, domin ba abin da zai je teburin gwamna sai majalisun biyu sun amince da rubutu ɗaya, kalma da kalma. A majalisar tarayya da jihohi da yawa ana kafa kwamitin haɗin gwiwa ya sasanta bambancin rubutu. A Albany da wuya a yi haka. Ma'aikatan shugabanni ne ke sasantawa a ofis, ba a gaban jama'a ba.

Kowace shekara ƙudirorin da ke shiga majalisun biyu sun haura dubu goma, amma waɗanda ke zama doka a 'yan shekarun nan ba su kai dubu ɗaya ba. Mafi yawansu a kwamiti suke mutuwa, kuma ba kayar da su ake yi ba. Shugaban kwamiti ne kawai bai sa su a ajanda ba, har wa'adin shekara biyu ya cika, a sake sabon lale. Wannan shirun ya fi ƙuri'ar ƙin amincewa amfani ga ɗan siyasa, domin ba a rubuta sunan kowa ba. Mai zaɓe ba zai iya tsare sanatansa ya ce masa kai ka kashe mana ƙudiri ba. A Nebraska kusan kowane ƙudiri sai an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a. A New York ba dole ba ne, kuma yawancin dokoki suna wucewa ba tare da an yi musu irin wannan zama ba.

Idan ƙudiri ya shafi kuɗi, bayan kwamitinsa na farko sai ya bi ta Kwamitin Kuɗi. Wanda ya tsallake sai ya hau jadawalin zaure, ya yi matakai uku a ranakun zama daban-daban: rahoto na farko, rahoto na biyu, sannan karatu na uku, inda ya cancanci ƙuri'a. Kundin tsarin mulkin jihar ya ƙara sharaɗi mai nauyi: ba za a zartar da ƙudiri ba sai rubutunsa na ƙarshe ya yi kwana uku a gaban 'yan majalisa. A da takarda ake jibgewa a kan tebura, sai a 2014 masu zaɓe suka amince a riƙa turawa ta kwamfuta. Idan aka canza ko da jimla ɗaya, lissafin kwana ukun ya koma farko. Sharaɗi na biyu shi ne yawan ƙuri'a. Ana buƙatar rinjayen dukkan zaɓaɓɓun sanatoci, wato 32, ko mutum nawa ne suka halarci zaman. Wanda bai zo ba daidai yake da wanda ya ce a'a.

Ranar zama

Majalisa kan zauna daga Janairu zuwa farkon Yuni, galibi daga Litinin zuwa Laraba ko Alhamis. Ginin da take ciki an shafe daga 1867 zuwa 1899 ana gina shi, zauren dattawan kuma magini H. H. Richardson ne ya tsara shi, da duwatsu masu ƙyalli da bango mai ruwan zinare. A bayan zauren akwai wasu manyan murahu biyu da aka gina don jin ɗumi. Ba a hura wuta a cikinsu. Da yake sauti na yawo sosai a ɗakin, sanatoci suka mai da su wurin shiga a yi ƙus-ƙus ba tare da kowa ya ji ba.

Zama yana farawa da buga guduma, a miƙe a yi mubaya'a ga tuta, sannan wani limami ko fasto ko malamin Yahudawa ya yi addu'a, in babu kuwa a yi shiru na ɗan lokaci. A amince da rahoton zaman jiya, a karɓi saƙonnin Majalisar Wakilai da na gwamna, a karɓi rahotannin kwamitoci. Sai lokacin ƙudirorin yabo da ta'aziyya, inda ake gabatar da baƙin da ke zaune a bene: ɗaliban da suka ci gasa, tsofaffin sojoji, iyalan wani mamaci. Wannan sashe yakan ci lokaci fiye da zartar da dokokin kansu.

Da aka zo kan jadawali, sai abu ya ɗauki gudu. Akawu ya kira lambar ƙudiri da sunan mai shi. Mai jagorantar zama ya ce a karanta sashe na ƙarshe, wato layin da ke faɗin ranar da dokar za ta fara aiki. Ya ce a kira suna. Akawu ya ambaci sunaye kaɗan kawai, ciki har da na shugabanni, a ɗauka kowa ya ce e, sai wanda ya ɗaga hannu a rubuta shi cikin masu adawa. A sanar da sakamako, a ce ƙudiri ya wuce, a kira na gaba. Duka bai fi rabin minti ba. Sanatan da ke son bayyana dalilin ƙuri'arsa ana ba shi minti biyu. Idan kuwa wani daga ɓangaren marasa rinjaye yana son muhawara, sai ya ɗaga murya ya ce a ajiye shi gefe. Bayan an gama da waɗanda ba a jayayya a kansu, a dawo kan waɗanda aka ajiye. Mai tambaya zai nemi izini ta bakin mai jagorantar zama ko mai ƙudirin zai amsa tambaya, shi ma ya amsa ta wannan hanyar, ba a fuskantar juna kai tsaye. Wani lokaci tambayoyin kan tono rami a cikin rubutun, kuma kotuna kan koma ga abin da aka faɗa a nan idan suna neman sanin manufar doka.

Sai dai muhawarar ba ta cika canza sakamako ba. Idan marasa rinjaye suka kawo gyara, abin da aka saba shi ne mai jagorantar zama ya ce gyaran bai dace da batun ba, su ɗaukaka ƙara ga zaure, a ɗaga hannu, masu rinjaye su tabbatar da hukuncinsa. Dalili kuwa shi ne an riga an gama magana a taron sirri na jam'iyya mai rinjaye, wanda dokar buɗe tarurrukan gwamnati ba ta shafe shi ba. A can ake ƙirga kawuna, kuma shugaba ba ya kawo ƙudiri zaure sai ya tabbata 32 sun cika. A 2004 Cibiyar Brennan ta Jami'ar New York ta fitar da rahoton da ya kira majalisar jihar mafi gurguncewa a Amurka, inda ta nuna cewa daga 1997 zuwa 2001 dattawan sun kaɗa ƙuri'a a kan dubban ƙudirori ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. An yi gyare-gyare bayan haka. Yau ana nuna zaman zaure da na kwamitoci kai tsaye a intanet, kowa na iya karanta ƙudiri da ganin yadda sanatansa ya zaɓa. Amma faɗuwar abu a zaure har yanzu labari ne. Shi ya sa ƙasar ta ɗauka a Fabrairun 2023, lokacin da dattawan suka ƙi amincewa da Hector LaSalle, wanda Gwamna Kathy Hochul ta zaɓa ya zama babban alƙalin jihar, da ƙuri'a 39 da 20.

Ƙofofin baya

Ta farko ita ce takardar gaggawa. Kundin tsarin mulki ya ba gwamna damar rubuto wa majalisa cewa akwai larurar da ta sa dole a yi ƙuri'a nan take, da haka sharaɗin kwana uku ya faɗi. An tanade ta don lokacin bala'i, amma ta zama kayan aikin siyasa. Misalin da aka fi tunawa shi ne dokar taƙaita mallakar bindiga ta Janairun 2013. Wata guda kafin nan wani ɗan bindiga ya kashe yara 20 da ma'aikata 6 a makarantar Sandy Hook da ke jihar Connecticut, zukata na tafasa. Gwamna Andrew Cuomo ya aiko da takardar gaggawa, dattawa suka zartar da dokar cikin dare, sa'o'i kaɗan bayan ganin rubutun, washegari ya rattaba hannu. Manufar mai kyau ce, kuma jama'a da yawa sun goyi bayanta. Amma sauri ya haifi nawa. Dokar ta taƙaita harsashi zuwa bakwai a gidan harsashi, alhali masana'antu ba su cika ƙera mai cin bakwai ba, kuma ba ta fayyace matsayin 'yan sanda ba. Dole aka dawo aka yi mata kwaskwarima cikin 'yan watanni, sannan a ƙarshen shekarar wata kotun tarayya ta soke sharaɗin bakwai ɗin. Kwana uku na karatu da sun isa a gano waɗannan kurakurai.

Ta biyu Kwamitin Ƙa'idoji ne, wanda shugaban masu rinjaye ke shugabanta da kansa. Idan ƙarshen zama ya gabato, sauran kwamitoci kan daina zama, komai ya koma hannun wannan kwamiti, shi kuma yana iya tura ƙudiri kai tsaye zuwa karatu na uku. A makon ƙarshe ɗaruruwan ƙudirori ke wucewa, ana zama har asuba. Babu sanatan da zai iya karanta su duka, balle ɗan jarida ko mai zaɓe.

Ta uku, wadda ta fi kowace faɗi, ita ce kasafin kuɗi. Shekarar kuɗi ta jihar tana farawa ranar 1 ga Afrilu. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 1927, gwamna ne ke rubuta kasafi, majalisa kuma ikonta taƙaitacce ne: ta rage, ta soke, ko ta ƙara wani abu daban wanda gwamna ke iya gogewa shi kaɗai. Hukuncin babbar kotun jihar na 2004, a rikicin majalisa da Gwamna George Pataki, ya ƙara ƙarfafa hannun gwamna. Saboda haka gwamnoni kan cusa manyan sauye-sauyen doka a cikin kasafi. Sauyin dokar beli na 2019 ta nan ya bi, haka ma izinin karɓar kuɗi daga motocin da ke shiga tsakiyar Manhattan. Ana yin zaman jin ra'ayi a bainar jama'a a watannin farko na shekara, kowace majalisa ta fitar da nata matsayi a watan Maris, amma yarjejeniyar ƙarshe mutum uku ke ƙulla ta: gwamna da shugabannin majalisun biyu. Mutanen Albany sun daɗe suna kiran wannan tsari "maza uku a ɗaki". Yanzu biyu daga cikin ukun mata ne, ɗakin dai bai canza ba. Sanata zai wayi gari da kundi mai ɗaruruwan shafuka, sau da yawa tare da takardar gaggawa, kuma zaɓinsa biyu ne: ya karɓa duka, har da abin da yake ƙi, ko ya ƙi duka, har da kuɗin makarantun mazaɓarsa. Daga 1985 zuwa 2004 kasafin bai taɓa fitowa a kan lokaci ba. Na 2025, wanda ya haura dala biliyan 250, sai a watan Mayu aka kammala shi. Doka ta ce a riƙe albashin 'yan majalisa muddin kasafi ya makara, wanda hakan wani matsin ne da ke tura su ga amincewa.

Teburin gwamna

Idan majalisa na cikin zama, gwamna na da kwana 10, ban da Lahadi, ya sa hannu ko ya hau kujerar naƙi. In ya yi shiru, ƙudiri ya zama doka. Idan ba ta cikin zama, kwana 30 gare shi, kuma shirunsa ƙi ne. Sai dai agogon ba ya fara bugawa sai an kai masa takardar, kuma al'ada ita ce a riƙe ta har sai ofishinsa ya nema. Shi ya sa ƙudirin da ya wuce a Yuni yakan kai Disamba ba a san makomarsa ba. A tsakanin nan ake ciniki: gwamna ya sa hannu bisa alkawarin cewa majalisa za ta rage wa dokar kaifi da zarar ta dawo a Janairu. Majalisa na iya tsallake naƙin gwamna da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, kamar yadda ta yi wa Pataki a kan kasafin 2003. Amma daga 2021 zuwa 2024 jam'iyyar Democrat na da wannan adadi a majalisun biyu, ba ta yi amfani da shi a kan gwamnarta ba. Ƙudirin faɗaɗa diyyar iyalan wanda aka yi sanadin mutuwarsa, wanda zai gyara dokar da ta samo asali tun 1847, ya wuce da gagarumin rinjaye, Hochul ta ƙi shi sau uku tsakanin Janairun 2023 da Disambar 2024, majalisa ba ta ƙalubalance ta ba.

Duk wannan tsari a kan lamba 32 yake tsaye, kuma rikicin 2009 ya nuna abin da ke faruwa idan ta kuɓuce. A lokacin kujeru 62 ne, Democrat na da 32, Republican na da 30. Ranar 8 ga Yuni sanatoci biyu, Pedro Espada da Hiram Monserrate, suka haɗa kai da 'yan adawa don kifar da shugabanci. Aka kashe fitilun zaure, aka kulle ƙofofi. Bayan mako guda Monserrate ya koma ɓangaren Democrat, aka tsaya 31 da 31, kuma babu mataimakin gwamna da zai raba gardama, domin David Paterson ya bar kujerar ya zama gwamna tun 2008. Wata guda cur ba a yi aiki ba. Dokar da ta ba magajin garin New York ikon kula da makarantu ta ƙare ba a sabunta ta ba, ƙananan hukumomi na jiran izinin ci gaba da karɓar haraji. Sai ranar 9 ga Yuli Espada ya dawo, aka ba shi muƙamin shugaban masu rinjaye.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Jiha mai mutum wajen miliyan 20 ba za ta yi muhawara a kan ƙudiri dubu goma ba, dole wani ya tace. Ciniki na gaskiya ba ya yiwuwa a gaban kyamara, kuma shugabanci mai ƙarfi ne ya sa a 2019 aka zartar da dokokin kare 'yan haya da na ba da damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, bayan shekaru suna maƙale. Amsar ita ce tacewa daban, ɓoyewa daban. Ana iya barin shugabanni su sasanta a ɗaki, amma a wajabta cewa abin da suka fito da shi ya cika kwanakinsa uku, a ji ra'ayin jama'a a kan manyan dokoki, a kuma raba sauyin doka da kasafin kuɗi. Taruwar iko a hannu kaɗan tana da tsada: a 2015 aka gurfanar da shugabannin majalisun biyu, Sheldon Silver da Dean Skelos, bisa cin hanci, kuma dukansu sun yi zaman kurkuku.

Darasin bai tsaya a Albany ba. Majalisun jihohin Najeriya, masu mambobi 24 zuwa 40, ba su da zaure na biyu da zai sake duba aikinsu, don haka jinkirin da ke cikin ƙa'idojinsu shi ne kaɗai birkin da suke da shi. Mutanen Kano sun ga yadda dokar masarautu ta wuce cikin 'yan kwanaki a Mayun 2019, suka kuma ga wadda ta rushe masarautun da aka ƙirƙiro an zartar da ita an sa mata hannu rana ɗaya, 23 ga Mayun 2024, kuma duka biyun a kotu suka ƙare. Saboda haka, mai karatu, duk lokacin da ka ji majalisar jiharka ta zartar da doka, kada ka tsaya ga ko ta yi maka daɗi. Tambayi wakilinka yaushe ya ga rubutun, wa aka gayyata ya faɗi ra'ayinsa, kuma shi ina ya jefa ƙuri'arsa. Haƙƙinka ne ka sani, wajibinsa ne ya amsa.